Na Koya Masa Turancin Da Zai Tafi Da Shi

Assalamu alaikum. Ku matso kusa 'yan uwa, yau maganar da nauyi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.

Ga wadda yau ta fara cin karo da shafin nan, bari in gabatar da kaina a gurguje. Ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har 'ya'yan Yaya da na yi wa wanka da hannuna. Na ba ashirin baya da nisa, talatin tana ɗago min hannu, ban yi aure ba. Tun rasuwar Abba daga ni sai Umma a gidan. Ɗakuna ne a jere, kowanne da labulensa a sake da gadonsa a gyare, kamar masu su sun je unguwa ne yanzu za su dawo.

Aikina kuwa, duk wanda na yi wa bayaninsa sai ya bi ni da kallon tausayi. Wani kamfani ne a wata ƙasa yake haɗa ƙamus na waya don masu koyon Turanci. Su turo min muryoyin mutane suna faɗin kalmomi, ni kuma in toshe kunnuwana da abin sauraro in rubuta kalmar yadda ta fito daga baki, ba yadda aka saba ganinta a littafi ba. Alamominsa daban ne. Akwai wata kamar an kifar da harafin e, ita ce wasalin nan malalaci da mai Turanci ke yi idan bai damu da gaɓa ba. Akwai wata kamar ƙwai ya ci ɗamara, ita ce sautin da sai ka leƙo da harshe tsakanin haƙora. In na gama sai in raba kalmar gaɓa-gaɓa da ɗigo, sannan in kafa wata 'yar sanda a gaban gaɓar da murya ta fi dannawa. Shi ke nan aikin, tun hantsi har la'asar, a kan teburin da Abba ke karatun jarida a da.

Ban taɓa ganin fuskar abokin aikina ko ɗaya ba. Masu muryoyin ma ban san su ba, amma duk na raɗa musu suna. Akwai Mai Mura, akwai Uwar Gaggawa wadda ke haɗiye ƙarshen kalma kamar an biyo ta, akwai wani dattijo da ke jan numfashi kafin kowace kalma. In aka kwana biyu ba a turo muryarsa ba sai in kama kaina ina cewa ko lafiya yake. Ku yi dariya, na yarda. Mutumin da bai san an halicce ni ba nake yi wa fargaba.

Ita kuma Umma kunnenta ya yi nauyi. Na'urar da aka sa mata a asibiti ta ce ƙara take cika mata kai da ita, ta cire ta jefa a gwangwanin zare da allura. Yanzu baki take kallo. Duk dangi kuma babu bakin da take ganewa kamar nawa, don aikin nan ya koya min buɗe baki in ba kowane sauti haƙƙinsa. Yaya in ya zo gaishe ta ihu yake yi har jijiyar wuyansa ta tashi, ita kuma ta yi ta gyaɗa kai tana murmushi. Yana fita za ta juyo.

"Auta, me ya ce?"

Haka rayuwar take. Da rana in saurari mutanen da ba su san ni ba, da yamma in yi magana da wadda ba ta jin muryata.

A asibitin kunne na fara ganinsa. Nas ne, shi ke gwada jini kafin a shiga wurin likita. Dogo, siriri, farar rigarsa ta sha guga amma aljihun duk tabon biro. Da layi ya zo kan Umma bai ɗaga murya ba kamar sauran. Ya durƙusa daidai fuskarta, ya sauke takunkumin bakinsa, ya ce a hankali, "Mama, miƙo hannu." Ta miƙa. Ni kuwa na gani.

Muna zaune a benci muna jiran likita na buɗe kwamfuta ina rage aiki. Ya zo wucewa da tire a hannu, ya wuce, sai kuma ya dawo da baya.

"Baiwar Allah, wannan wane irin rubutu ne? Na aljanu?"

"Turanci ne."

"Turancin wace ƙasa? Ni dai na yi makaranta."

Na nuna masa kalma ɗaya, na karanta masa alamomin ɗaya bayan ɗaya har kalmar ta haɗu. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya ajiye tiren a gefen bencin ya ce wani asibiti a ƙasar waje ya ba shi gurbin koyon jinyar yara masu ciwon zuciya, abin da ya daɗe yana buri. Sharaɗi ɗaya ne, ya ci jarrabawar Turanci. Rubutu ya ci, karatu ya ci, sauraro ya ci. Magana ce take kayar da shi, har sau biyu.

"Sun ce ba sa gane ni. Ni kuma wallahi ina jin kaina sarai."

Kafin mu tafi ya karɓi lambar wayata. Washegari saƙonsa ya shigo.

"Salam Malama. Nas ɗin asibitin kunne ne. Don Allah in ba takura, ki taimaka ki gyara min harshen nan. Ko a tsaye ne."

Malama. Na daɗe ina kallon kalmar. Rabon da wani ya kira ni da abin da ba Auta ba har na manta.

A falonmu muka fara, bayan la'asar, ƙofa a buɗe, Umma na kan kujerarta ta gefen taga tana saƙa. Ranar farko ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu Likita." Ya ce shi nas ne. Na maimaita mata. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka, Likita." Daga ranar ya haƙura.

Na ba shi jimla ya karanta, na ɗauki muryarsa a waya, na rubuta masa ita da alamomina, sannan na rubuta yadda ya kamata a ƙasa. Ya ƙura wa layukan biyu ido.

"Duk wannan ɓarnar ni kaɗai na yi?"

"Ba ɓarna ba ce. Hausa ce take bin ka har cikin Turanci. Mu ba ma tara baƙaƙe a farkon gaɓa, sai mun sa wasali a tsakani. Shi ya sa kake cewa sitirok. Gaɓa uku ka yi, su kuwa stroke gaɓa ɗaya ce tak."

"Ɗaya?"

"Sa hannunka a ƙarƙashin haɓa. Duk saukar da haɓarka ta yi, gaɓa ce. Faɗa."

"Si... ti..."

"Ka ga ta sauka tun ba a je ko'ina ba. Fara da huci kamar maciji, kada ka buɗe baki sai ka iso wasalin."

Ya yi ta huci a falonmu hannu a haɓa, har Umma ta ajiye saƙa ta ce, "Auta, haƙori ke damun Likita?" Ranar na yi dariyar da sai da cikina ya ƙulle. Ni kaina sai da na ji muryata ta zame min baƙuwa.

Sai rigimar p da f. In zai ce pain sai ya ce fain, in zai ce pill sai ya ce fil. Na yago 'yar takarda na ce ya riƙe a gaban leɓensa, ya rufe baki ruf, ya sake shi da ƙarfi har takardar ta yi tsalle. Ya ce a wurin aiki har an fara yi masa kallon wanda ya zautu, don ko a layin karɓar magani yana tsaye yana tofa wa takarda iska.

Amma babban ciwon shi ne dannawa. Na ce masa Turanci ba ya raba wa gaɓoɓi ƙarfi daidai. A kowace kalma akwai gaɓa ɗaya 'yar gata, ita ake ja, ita ake ɗagawa, sauran su bi ta a guje. In ka danna inda ba nan ba, ko duk sautukanka daidai ne, mai sauraro zai ɓace. Na ciro robar ɗaure takardu daga aljihun tebur na maƙala masa a manyan yatsunsa biyu.

"In ka zo gaɓar, ja robar. Develop. A tsakiya take."

"DI-velop."

"Ka ja tun a farko. Sake."

"Di-ve-LOP."

"Yanzu kuma ka wuce ta. Sake."

"Malama, ke ba ki san wata kalma ba sai sake?"

Haka muka yi ta yi. Na nuna masa yadda record take zama abin da aka rubuta in ka danna farko, ta koma aikin rubutawa in ka danna ƙarshe. Na nuna masa comfortable da yake yi wa gaɓa huɗu cif-cif alhali masu ita uku suke yi su wuce. Kullum da safe kafin ya shiga aiki sai ya turo min saƙon murya, kalmomi goma, wani lokacin da ƙarar mota a bayansa. In rubuta masa su da alamomi in mayar. A ƙarshen saƙon yakan ƙara da Hausa, "Ya Mama ta tashi? Ke fa, kin karya?"

Ku gaya min gaskiya, ke da kike karantawa, in ke ce ba za ki sake kunna wannan ƙarshen ba? Ni dai na sake. Ba sau ɗaya ba. Duk muryoyin da ke shigo min kunne a yini, tasa ce kaɗai ta san da ni.

A hankali na san shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana makarantar jinya. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan asibiti, ya ce har ya saba cin abinci a tsaye don babu wanda zai zauna dominsa. Umma ta fara sa ni ƙara hannu a girki. Ni kuma na fara abin da ban saba ba. Da la'asar ta gabato sai in cire rigar barcin da nake yini da ita, in sa doguwar riga mai guga, in zauna gaban madubi ina gwada mayafi, wannan ya yi duhu, wannan ya yi kwalliya da yawa zai gane. Har turaren da Anti, yayata mace, ta aiko min tun bara, wanda ko ledarsa ban cire ba, na buɗe.

Bai taɓa cewa komai ba fa. Ko da wasa. Malama ya shigo da ita, Malama yake fita da ita.

Amma unguwa ba ta jira ya ce ba. Ranar wata Asabar ina wanke-wanke saƙon muryar Gwaggo ya shigo, ƙanwar Abba, wadda ba ta iya gajeren saƙo ba.

"Auta, ashe abin arziki ake yi shi ne ba a faɗa mana? An ce wani likita na sintiri a gidan, har an san kalar babur ɗinsa. To ki buɗe kunne ki ji ni. Shekarunki ba na jan aji ba ne. In da gaske yake ya fito, in wasa ne ya ba wasu wuri. Sa'anninki duk suna kai yara makaranta, ke kina zaune da waya a kunne kamar mai gadin tashar jirgi. Kada ki tsaya yi masa Turanci, ki yi masa girki."

Na rubuta mata, "Gwaggo ɗalibina ne." Ta turo hoton dariya har guda biyar.

Na Gwaggo mai sauƙi ne, a kunne yake tsayawa. Na Yaya ne ya shiga har ƙashi. Ya zo da yamma, ya gama yi wa Umma ihunsa, sannan ya ce in raka shi mota. Ya jingina da ƙofar yana juya makulli a yatsa.

"Na ji ana wata magana."

"Karatu nake koya masa, Yaya."

"Na sani, na sani. Ai na yarda da ke. An ce waje zai tafi ko?"

"In ya ci."

"To." Ya kalli tagar Umma. "Kin dai san halin da ake ciki. Umma ba za ta bar gidan Abba ba, na yi na yi. Antinki tana can wata uwa duniya da yara. Ni kuma kin ga ko magana ba ta ganewa in na yi. Ba cewa nake kada ki yi aure ba, Allah ya kiyaye. Amma in za a yi, a yi na kusa. Ke ce rufin asirinmu, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Me zan ce? Ya sa min albarka, amma ji na yi kamar ya ja ƙofa ya murɗa makulli ya tafi da shi a aljihu. Na tsaya a bakin gida har ƙurar motarsa ta kwanta. Da na koma Umma ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce a gaishe ki."

Ana gobe jarrabawa muka yi zaman ƙarshe. Na zama mai jarrabawa, shi kuma nas, ya yi min bayanin ciwon sukari kamar ni ce marar lafiya. 'Yan uwa, da kun ji shi. Baƙaƙen nan da ke sarƙe masa suna fita sumul, p ɗinsa har labule take motsawa. Ina sauraro ina jin daɗi, can ƙasan daɗin kuma wani abu na tsunkulina. Duk kalmar da ta fita daidai, taku ɗaya ne ya ƙara nisa da falon nan, kuma ni na shimfiɗa masa hanyar da hannuna.

Sai ya zo kan develop, ya danna farko. Tsoro in ya kama shi tsohon harshensa yake komawa. Bai ji ba, ya ci gaba. Ya sake zuwa kanta, ya sake dannawa a farko.

Wallahi sai da zuciyata ta ce min yi shiru. Ta ce kalma ɗaya ce, wa ya sani, ƙila ita ce za ta sa ya ƙara wata shida yana zuwa. Na dubi hannunsa, robar nan tana nan a wuyan hannun, har ta yi baƙi don yawo da ita.

"Tsaya," na ce. "Koma baya. Ja robar."

Ya ja. Ta fita daidai.

"Sake."

Sai da na sa shi ya faɗe ta har ta zauna masa. Da zai tafi Umma ta riƙe hannun rigarsa ta yi masa addu'a doguwa da muryarta mai ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. Ya sunkuyar da kai yana amin. Ni ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malama, sai abin da Allah ya yi."

Daga nan falo ya koma yadda yake. Sakamako sai an jira, karatu kuma ya ƙare, babu dalilin zuwa. Saƙon safe ya koma "Barka da asuba, ya Mama?" babu kalmomi goma, babu murya. In amsa da "Lafiya lau, ya aiki?" ya ce "Alhamdulillah." Shi ke nan. In rubuta dogon saƙo in goge. La'asar na yi sai in ga na tashi na yi wanka na sa riga mai guga, sannan in tuna. In zauna a kujerar da yake zama da kwalliyata, Umma na saƙa, agogon bango na tafiya, ni kaɗai nake jin sa. Abinci kuma kullum sai ya yi saura, hannuna ya riga ya saba da na mutum uku.

Na koma wa Mai Mura da Uwar Gaggawa. Rannan aka turo min jerin kalmomin asibiti, dattijon nan ya ja numfashinsa ya ce stroke, gaɓa ɗaya tsaf. Na cire abin sauraron na kifa kai a tebur na yi kukana, ba tare da na rufe ƙofa ba. A gidanmu ba sai ka ɓoye kuka ba, ka dai juya baya.

Yau da hantsi saƙo ya shigo.

"Malama, zan iya zuwa bayan la'asar?"

Na rubuta "Ya fito?" na goge. Na rubuta "Allah ya kawo ka."

Na fito da kaya sun fi kala biyar na baza a gado. Ƙarshe na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da farin mayafi, kwalli kaɗan. Garin sauri na ɓata ido ɗaya, sai da na goge na sake.

Bai zo da farar rigar aiki ba. Riga ya sa ruwan sararin sama, sabon ɗinki, har layin ninkin bai baje ba, ga aski. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya ajiye mata ledar lemo da ayaba, sannan ya ce ko zan ɗan fito baranda. Bai taɓa neman haka ba. Na ɗauko kujerun roba biyu, muka zauna, tukunyar furen Abba da ya bushe tana tsakaninmu.

"Na ci," ya ce. "Maganar ma ita ta fi kowanne maki."

"Alhamdulillah! Kai, masha Allah. Na taya ka murna." Kuma da gaske nake, ku shaida. Murnar ta zo, abin da ke bayanta ma ya zo.

"Matar da ta yi min tambayoyi ko sau ɗaya ba ta ce in maimaita ba. Ina fitowa na ce ina ma Malama na nan."

"Ƙoƙarinka ne."

"A'a." Ya murza robar da ke hannunsa. Mutumin da ya yi wa baƙuwa bayani da Turanci bai yi tuntuɓe ba, sai ga shi Hausa tana gagararsa. "Malama... ni dai... tun ranar da kika yi dariyar nan, ranar da Mama ta ce haƙori ke damuna, na san na shiga uku. Na yi shiru ne don ban san matsayina ba. Mutumin da ya faɗi sau biyu, da wane baki zai yi magana? Yanzu sun ce in ina da iyali in faɗa tun kafin a haɗa takardun tafiya. Ba don takarda nake faɗa ba, Allah ya sani. Ina son ki. Ina so mu tafi tare."

Kunnen nan nawa da ba ya hutawa ya ji inda muryarsa ta karye, a kan tare. Na daɗe ina jiran wani ya faɗa min maganar nan, na sha tsara yadda zan sunkuyar da kai in yi murmushi. Da ta zo, abin da ya fito daga bakina daban.

"Umma fa?"

Bai kauda kai ba. "Na tambaya tun kafin in zo. Mata da 'ya'ya kawai suke bari. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"To ka ga."

"Na gani. Shi ya sa zan faɗi ɗayar. In kin ce in zauna, zan zauna. Aikina na nan bai kore ni ba."

"Ka zauna? Bayan duk wahalar nan? Yaran da kake ta faɗa min fa, masu ciwon zuciya?"

"Ban ce babu zafi ba. Amma na gaji da cin abinci a tsaye, Malama. Can ma in na je ni kaɗai, a tsayen zan ci." Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Ba yau nake son amsa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki ce in zauna don kin tausaya min, kada kuma ki ce in tafi don kina jin kunyar riƙe ni. Ki faɗi wadda kike so."

Na raka shi da ido har ya tada babur. Wadda nake so. Rabon da a tambaye ni abin da nake so tun Abba na da rai.

Da na shiga na tarar Umma ta zuba abinci a faranti ɗaya ta rufe, tana jirana, don ba ta iya ci ita kaɗai. Na zauna a gabanta daidai inda haske ke faɗo min a fuska, yadda na saba.

"Me ya ce?"

"Ya ci jarrabawa."

Ta tafa hannu. "Alhamdulillahi! Yaron kirki. Allah ya sa a tafi a sa'a." Ta buɗe farantin ta tura min cokali. Ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali tana kallon kujerar da yake zama. "Shi ke nan ya daina zuwa ke nan."

Na gyaɗa kai.

"Gidan zai yi shiru," in ji Umma.

Na ajiye cokalin. Matar da rabonta da jin ƙarar faɗuwar cokali an yi shekaru, ita ke faɗin haka. Na buɗe baki in ƙarasa mata sauran maganar, wallahi na buɗe, sai wayata ta yi haske a kan cinyata. Shi ne.

"Malama ki yafe ni. Murna ta sa na faɗa wa kawuna komai da safe, har maganarki. Ashe masallaci ɗaya suke sallah da Yayanki. Ina jin ya riga mu faɗa masa."

Ban gama karantawa ba wayar ta hau ruri. Yaya. Na bar ta ta katse. Ta sake ɗauka. Tsakanin kira na biyu da na uku saƙonsa ya faɗo, babu sallama, babu gaisuwa.

"Auta me kike shirin yi mana? Ɗaga wayar."

Umma ta ga hasken yana kunnuwa yana mutuwa. Ta ajiye cokali ta ƙura wa bakina ido, tana jira, yadda take jira kullum.

"Waye?"

Tunda kunnenta ya yi nauyi ban taɓa yin magana a ɗaki ɗaya da ita na ɓoye mata fuskata ba. Na miƙe, na juya mata baya, na ɗaga wayar.

"Yaya," na ce, "kafin ka fara, yau ni zan yi magana."